Ƙyallen Da Ban Miƙa Ba

Azarori, ranar Talata

Ɗiyata Habsu,

Sallama irin ta addini a gare ki. Da sunan Allah na ɗauki biro, ina roƙonsa ya sa takardar nan ta same ki a kan ƙafafunki, ke da jinjirarki Ramatu. Sannunki da hanya, don na san kafin ki kwance ƙunshin nan motar Buza ta gama girgiza miki ƙasusuwa, kin sauka Garhanga. Allah ya sa kun tsallake koramu lafiya, ya sa kin iske uwar mijinki, Hajiya Kulu, da sauƙi.

Za ki yi mamakin ganin takarda. Wata huɗu muna gida ɗaya tun da kika zo wankan jego, ina dafa miki ruwa, ina dama miki kunun kanwa, amma maganar da ta fi kowace nauyi ban iya gaya miki ita ido da ido ba. Haka uwarki take. Bakina yana da kaifi a kan abin da bai taka kara ya karya ba, in aka zo babbar magana sai ya mutu. Jiya ma na kira ki gaban keken ɗinki da niyyar in faɗa miki, sai na ƙare da yi miki faɗa a kan tsumman Ramatu da kika bari a igiya hadari na tasowa.

Ga halin da ake ciki, bari in jera shi don kada mu yaudari juna. An auna kakin Hajiya, an ce tarin fuka ne, yau kwananta biyar da fara magani. Mijinki Isuhu yana can bida, ci-rani a ƙasar waje, bana bai samu dawowa noma ba. Maƙwabciyar da ke ɗebo mata ruwa, ruwan shuka ya sauka, ta koma gonarta. Na so ki ƙara ko sati uku a nan, kika ce tuwo ba zai wuce miki ba tsohuwa tana can ita kaɗai. Ban hana ki ba, kuma da kin ce akasin haka da na ji kunyar tarbiyyata. Amma za ki shiga gida mai tari da 'yar wata huɗu a bayanki. Abin da nake so guda ɗaya ne, Ramatu ta fita daminar nan da ƙirjinta lafiya, kuma a kan wannan ba ni da niyyar sassauta wa kowa, har ke.

Cikin ƙunshin za ki ga ƙyallayen rufe baki da hanci guda shida, kashine dai yadda muke faɗa, wanda rediyo ke kira takunkumi. Ni na ɗinka su. Kada ki ɗauke ni wata likita, ni mai ɗinki ce, karatuna na yaƙi da jahilci ne. Duk abin da na sani a kan ƙyallen nan kuskure ne ya koya mini shi, ɗaya bayan ɗaya, kuma zan faɗa miki su yadda suka faru, ba tare da na shafa wa kaina mai ba.

Kin tuna shekarar korona, kina kolej a Madawa, gidan gwaggonki. Aka ce kowa ya rufe baki da hanci. Na asibiti ba su isa ko'ina ba, sai jama'a suka juyo kan masu keke. Nan fa kaina ya kumbura. Mata suna kawo ragowar yadin anko, kowace tana so kashinenta ya dace da ɗankwalinta. Na ɗinka na leshi mai huji-huji kamar rariya, na ɗinka na shadda falle ɗaya mai sheƙi, har 'yan duwatsu nake liƙawa a gefe. Aka yi wani biki a unguwarmu, ƙawayen amarya kaf da ɗinkina a fuska, ina tsaye ina kallonsu ina jin babu kamata a duk Azarori.

Washegari Madam Saratu ta biyo. Kin san ta, Kiristar nan da muka tashi tare, wadda ke aikin jinya a asibitin mishan. Ta ɗauki ɗaya daga kan keke ta ɗaga shi sama.

"Rabi, wanga abu na mi na?" in ji ta.

Na ce, "Kashine na mana. Ko idon ya hwara tsuhwa?"

"Idona lau. Ga shi ina ganin rana ta cikinai, har akuyarku nike gani."

Ta ce in ɗaura. Na ɗaura ina harararta. Ta ƙyasta ashana ta riƙe a gaban bakina, ta ce in hura. Hurawa ɗaya wutar ta mutu.

"To kin gani. Iskan da ya kashe wutag ga, shi ka ɗaukar tari ya kai hancin wani. Kwalliya kinka ɗinka, Rabi, ba kariya ba."

Na cika na batse. Kwana biyu ko gaisuwarta ban amsa da kyau ba. Rana ta uku, da na tabbata ba mai kallona, na yanko tsohuwar atamfa na haɗa falle uku yadda ta ce, na ɗaura, na ƙyasta ashana da kaina. Na hura har kumatuna suka gaji, wutar rangaji kawai ta yi. Da yamma na kai wa Saratu fura, ta karɓa ta sha.

Saboda haka waɗannan da na ɗinka muku falle uku-uku ne, na auduga mai matsattsiyar saƙa, wadda ta sha wanki ta yi laushi. Ki ɗaura shi ya hau karan hanci ya sauka ƙarƙashin haɓa, kada ya bar ƙofa a kumatu. Igiya na sa musu maimakon roba, don roba tana saki, kuma tana cin bayan kunnen tsoho. In ɗaya ya yage kika tashi ɗinka wani, ki ɗaga yadin ga rana tukuna. Amma kada ki ce za ki fi ni ki jera falle bakwai ko ki cusa leda a tsakiya. Wanda ya hana numfashi mai shi zai sauke shi ne zuwa wuya, a can kuwa ba abin da yake tsarewa.

Kuskure na gaba ya fi wannan muni, don da sunan neman lada na yi shi. Mu mutanen nan komai aronsa muke, turmi, guga, tsani, har zanen zuwa unguwa. A lokacin ba a barin kowa ya shiga likita, wato ƙaramin asibitin gari, sai da kashine, gidanmu kuwa a kan hanya yake. Sai na kafa ƙusa a zaure na rataya guda goma. Duk mai zuwa likita ya tsaya ya ɗauka, in ya dawo ya mayar, ya sa mini albarka ya wuce. Ina jin daɗin albarkar nan, Habsu, har ina ba matan unguwa labari. Wani tsoho ya dawo da nasa da jan goro a ciki, na juya shi bai-bai na sake ratayewa. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina su wa ke zuwa likita ba. Marasa lafiya ne. Wanda mai tari ya tofe da safe, shi mai ciki za ta ɗaura da azahar.

Ba wanda ya tsawata mini a kan wannan, hancina ne ya yi. Wata rana zan raka maƙwabciya awo, na ciro ɗaya daga ƙusar na ɗaura ina sauri. Ban kai bakin titi ba na ji warin bakin wani, da taba, da damshi, a kan leɓena. Na fizge shi daga fuskata. Na koma gida na tafasa su duka, na zare ƙusar na jefa bayan katanga. Har yau ban san ko na cuci wani ba, kuma rashin sanin nan yana damuna, ina sa su a addu'a ban san sunayensu ba.

Kashine kamar asuwaki yake, ba a aronsa, ko tsakanin uwa da ɗiya. Ki duba gefen igiyar, uku na yi musu alama da jan zare, na Hajiya ne, uku da koren zare, naki ne. In za ki cire, ki kama igiyar ta baya, kada ki damƙi gabansa, kuma ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauki Ramatu. Na san ki da mantuwa in yarinya ta yi kuka, ki bar ta ta yi kukan, wanke hannu ba ya ɗaukar lokacin da za ta lalace.

Daga nan sai na zarce wancan gefen, na zama sarkin tsabta. Shekarar an rufe iyakoki, Babanki bai tafi bida ba, shi ya sha wahalata. Na jiƙa kashinensa a ruwan zabel mai ƙarfi, bilicin nan na wanki, ban ɗauraye ba, ranar kasuwar Madawa yana sauri na miƙa masa da ɗan damshinsa. Ya dawo da la'asar idanu jajur, yana tari kamar zai amayar da hanjinsa, fatar hancinsa ta saɓule. Ya ce mutanen cikin motar duk sun matsa sun bar masa benci, sun ɗauka shi ne mai cutar.

Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Rabi, cuta ta bar ni, ke ka son ki kashe ni?"

Na yi dariya har da hawaye, amma sati guda yana shafa man shanu a hanci. To ki ji, wankinsa sabulu ne da ruwan zafi, a ɗauraye sosai, a shanya a rana, in akwai garwashi a bi shi da dutsen guga. Ba zabel, ba turare, ba man zafi. Kuma ba a ɗaura shi da lema. Yanzu damina ce, shanya tana jinkiri, shi ya sa na yi muku uku-uku, ɗaya a fuska, ɗaya a igiya, ɗaya a ninke. Da ya jiƙe da gumi ko numfashi, a canza shi, kullum kuma a wanke wanda aka ɗaura.

Waɗannan ina iya ba da labarinsu a gidan suna a yi dariya. Wanda zan gaya miki yanzu ban taɓa buɗe baki na gaya wa kowa ba. Madam Saratu ta sani don tana wurin, Kaka ta sani, ita kuma ta tafi da shi kabari. Ki aje Ramatu ki zauna.

Shekarar da ta biyo, korona ta lafa, Babanki ya koma bida. Kaka, uwar Babanki, tana ɗakinta na bayan rumbu, ta kama tari wata uku ba sauƙi, tana ramewa. Madam Saratu ta matsa mana muka kai ta asibiti, aka ce tarin fuka ne, aka ɗora ta a magani. Da za mu taho, Saratu ta ja ni gindin bishiya ta riƙe mini hannu.

"Ki saurare ni da kyau, Rabi. Ita za ta ɗaura kashine, ita ta hwarko, kahin ke. Ƙyalle ya hi iya tare abin da ka hita daga bakin mai tari bisa ga abin da ka shiga hancin mai lahiya. Ki buɗe mata taga iska shi ratsa. Kak ki bar Auta ɗakinta. Kuma ki kawo min Auta a duba ta ko lahiyarta lau, akwai maganin da aka ba yaran gidan mai tari."

Na ce to, na ji. Kuma wallahi na ji.

Ƙanwarki Salamatu, Autarmu, tana da shekara ɗaya da rabi a lokacin. Kin tuna yadda take da Kaka. Tun da ta iya tafiya ba ta da wurin zama sai cinyarta, Kaka kuwa ba ta kiran ta da komai sai ƙawata.

Da muka dawo gida na zauna na ɗinka kashinen da ban taɓa ɗinka mai kyansa ba. Shuɗiyar atamfa a waje, farin ƙyalle mai laushi a ciki, na bi shi da ɗinki biyu, na goge shi. Na soke shi a zane na nufi ɗakin Kaka. Zuwan farko na iske tana jan carbi, na ce bari ta gama. Zuwa na biyu ta ɗago ta dube ni.

"Rabi, mi kinka ɓoye ga zane?"

Na ce, "Ba komi, Inna. Na zaka in ga ko akwai abin da kike so."

Zuwa na uku ko ƙofar ban kai ba, ƙafata ta ƙi. Shekara ashirin ina gidan nan ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ta yaya zan durƙusa in ce, Inna, rufe bakinki? Gani nake kamar na ce mata ina ƙyamarta. Kuma ina jin muryar matan unguwa a kunnena tun kafin su yi magana, ɗa ya tafi neman abinci, matarsa ta ɗaure wa uwarsa baki. Na koma ɗaki na buɗe kwalla na sa kashinen a can ƙasa, na rufe.

Daga nan na shiga yaudarar kaina. Na ce ai ni zan riƙa ɗaurawa, ya isa. Shi ma ɗin, in na zo ƙofarta sai in sauke shi in gaishe ta, don gaida babba da rufaffen baki rashin ladabi ne. Taga kuwa ta ce sanyi yana shigar mata ƙirji, da hannuna na cusa tsumma na toshe. Sai wata dabarar banza ta zo mini, tun da na kasa rufe bakin tsohuwa, bari in rufe na yarinya. Na ɗinka ɗan ƙarami na ɗaura wa Auta, na goya ta ina daka. Ta yi ta fizge-fizge, can na ji ta yi shiru, jikinta ya saki. Na sauke ta da sauri. Ƙyallen ya jiƙe da miyau ya manne mata a hanci, tana jan numfashi da kyar. Allah ya tsare ranar nan.

Ki ji wannan da kunne biyu: kada ki kuskura ki ɗaura wa Ramatu kashine. Yaron da bai kai shekara biyu ba ba a rufe masa fuska, ba ya iya cirewa, ba ya iya cewa ya shaƙe. Ko wa ya ba ki wannan shawara, ki ce Innarki ta gwada ta kusa yin kisa.

Da na jefar da ɗan ƙyallen nan, sai na jefar da komai tare da shi. Auta ta tako ta nufi ɗakin bayan rumbu, Kaka ta ce zo nan ƙawata, ni kuma in kau da kai in ci gaba da tankaɗe. Ina gani tana hura mata kunu, tana rungume ta, tana tari a kanta a ɗaki mai toshiyar taga. Asibiti ma ban kai ta ba. Na ce in na kai ta, kamar na tsaya a gaban gari na ce surukata ta sa wa ɗiyata cuta. Saratu ta aiko sau biyu, na ce a gaya mata yarinya lafiyarta lau, tana wasa.

Kaka ta sha maganinta wata shida cur, ta warke, kumatunta suka dawo. Har na fara cewa a raina, ka ji mutanen asibiti da tsoratarwa. Bayan an cika rumbuna Auta ta fara ramewa. Zazzaɓi ya ƙi barinta, ta daina wasa, ta daina bin kaji. Muka ce haƙora ne, muka ce shawara ce, muka jiƙa wannan muka shafa wancan. Sai da wuyanta ya sandare muka ɗauke ta zuwa asibitin mishan. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ba zan taɓa cewa ba su yi ba. Likitan ya dube ta ya tambaya ko akwai mai dogon tari a gidanmu. Saratu ce ke fassara. Ba ta dube ni ba, ƙasa ta duba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Kwananmu tara a can, na dawo da zanen goyo a hannu.

Ke an gaya miki zazzaɓi ne ya hau mata kai. Ba ƙarya aka yi miki ba, amma ba a gaya miki duka ba. Tarin gidanmu ne ya shige ta ya hau kanta.

Bayan sadakar bakwai Kaka ta aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa yadda na saba. Tsohuwar nan ba ta yi karatu ba, amma ba wawuya ba ce, ta riga ta haɗa lissafinta.

"Rabi, tarina na ya kashe ta?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce in dube ta, karo na farko a shekara ashirin. Na dube ta, sai komai ya zubo, maganar Saratu, da taga, da zuwana uku, da kashinen da ke ƙasan kwalla. Da na gama sai ta ce:

"Donmi ba ki hwaɗa min ba, ɗiyag ga? Wallahi da kin ce in sa kaina cikin tulu in wuni, da na sa. Kin ji kunyata, kin bar ni ina sumbatar ƙawata da ajali ga bakina."

Ba ta zage ni ba, ba ta gaya wa Babanki ba. Amma daga ranar har ta rasu ba ta ƙara ɗaukar jinjiri ba. In aka kawo mata jariri ta sa albarka, sai ta mai da hannuwanta baya ta yi addu'ar daga nesa, ko da yake ta warke sarai. Ke ma kin lura, kin taɓa tambayata, na ce tsufa ne. Kin ga kunyar da na ce don girmanta nake yi, ita ta fi kowa cuta da ita.

Na san kwana ya ƙare, na san Allah ne ya ba mu Salamatu ya karɓi abarsa, kuma ban taɓa jayayya da hukuncinsa ba. Ban kuma ce ƙyalle kaɗai zai tsare ta ba, Allah ne masani. Amma an gaya mini abu huɗu in yi, ban yi ko ɗaya ba, kuma ba rashin sani ya hana ni ba. Da wannan nake kwana nake tashi shekara huɗu, kuma na rantse ba zan zauna ina kallo ɗiyata ta taka inda na taka ba.

To ga abin da za ki yi, kuma yau za ki yi shi, kafin ki kwance sauran kaya. In kika ce sai gobe, na san goben nan, na zauna a cikinta. Na sauƙaƙa miki hanya iyakar dabarata. Ki duba, duka shidan daga atamfa ɗaya na yanke su, kuma na sa ɗankwali biyu na yadin. Anko ne. Ki ba wata ta riƙe miki Ramatu a waje, ki ɗaura naki kashinen da ɗankwalin, ki shiga ki durƙusa ki gaishe ta, kada ki sauke shi. Ki miƙa mata nata da hannu biyu ki ce, Innata ta aiko miki da anko, ta ce mu ɗaura tare saboda Ramatu, har ranar da likita ya ce a aje. Laifin duka ki ɗora mini. Ki ce uwarki mai kafiya ce, ta sa ki rantsuwa. Ba ƙarya kika yi ba, ga shi ina sa ki.

Ba a ce ta wuni ta kwana da shi ba. In tana ita kaɗai, ko za ta ci abinci, ko za ta kwanta, ta cire. Amma in za ki shiga ɗakin, ko za a kawo Ramatu kusa, ta ɗaura ke ma ki ɗaura. Tagarta a buɗe, in ta ce sanyi ki ƙara mata bargo, kada ki taɓa tsumma. Hira a yi ta a waje, a inuwa, inda iska ke wucewa, a nan za ta ga jikarta ta yi mata wasa. Ramatu ba za ta kwana a ɗakin ba, ba za a bar ta a can ki tafi rijiya ba. Cikin satin nan kuma ki goya ta ki kai ta likitar Garhanga, ki gaya wa majo, shugaban wurin, da bakinki cewa akwai tarin fuka a gidan, ki tambaye shi abin da ake ba yara. Kada ki jira ta yi tari.

In majo ya ba ku kashinen asibiti, ku ɗaura nasu, sun fi nawa. Kada ki ce za ki riƙe ɗinkin uwarki don kara. Nawa na ranar da babu ne, yana ragewa, ba ya hanawa duka. Babbar kariyar Ramatu tana cikin ƙwayoyin da Hajiya za ta haɗiya kowace safiya. Ki tsaya a kanta ta sha, ko ta ce ta ji sauƙi, har ranar da aka sallame ta. Da magani ya kama jikinta haɗarin yana raguwa, likita ne zai gaya muku lokacin da za a aje ƙyallen, ba maƙwabta ba.

Kuma kada ki guje ta. Ki yi mata wanki, ki dafa mata abin da ranta ke so, ki tsefe mata kai, ki ba ta labarin Azarori ta yi dariya. Mai ciwo yana gane wanda ke ƙyamarsa da wanda ke kula da shi, ko da fuskarsa a rufe take. Matan unguwa za su yi magana, ki bar su su yi. Ni na saurare su tun kafin su buɗe baki, ranar da na dawo daga asibiti kuwa ba wadda ta iya ba ni komai sai sannu.

In kika je ƙofar kika kasa, kada ki ɓoye mini. Ki kira ni a waya ki ce Inna na kasa, ba zan yi miki faɗa ba. Zan rufe keke in hau mota, ko koramu sun cika zan jira su janye in wuce, in zo in ɗaura wa Hajiya da hannuna, in ya so daga baya in durƙusa in ba ta haƙuri. Amma ina kyautata zaton ba za a kai ga haka ba. Tsofaffin nan sun fi mu son jikokinsu, mu ne ba ma tambayarsu.

Saura abu ɗaya. A can ƙasan ƙunshin akwai wani abu naɗe a farin ƙyalle. Shi ne na bakwai, shuɗi, na Kaka. Ba na ɗaurawa ba ne. Ki buɗe ki duba shi da kyau. Shekara huɗu ke nan, karin gugar da na yi masa yana nan, igiyarsa ba ta taɓa ƙulluwa ba, ba a taɓa wanke shi ba don ba a taɓa sa shi ba. Duk ɗinkin da na yi a rayuwata babu mai kyansa, kuma bai tsare kowa ba. Ki soke shi a zanenki in za ki ɗakin Hajiya. In kunya ta riƙe miki ƙafa a bakin ƙofa, ki taɓa shi, sannan ki shiga.

Allah ya tsare ki, ya tsare Ramatu, ya raya mana ita. Allah ya ba Hajiya lafiya mai ɗorewa, ya sa ta goyi jikarta da bayanta. Allah ya dawo da Isuhu lafiya ya iske gidansa cike. Allah ya jiƙan Kaka da Salamatu, ya yafe mini. Babanki yana gaishe ku, Madam Saratu ma ta ce a gaishe ki, ta ce tana sa ku a addu'a. Ki gaida Hajiya da jiki, gaisuwa mai yawa.

Ina jiran wayarki kafin magariba, ki ce mini ta ɗaura.

Innarki,
Rabi